Rurin Babur ɗin Baba

Shekarar da babur ɗin Baba ya fara ruri shi kaɗai, na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Sana'ata gyaran injin ban ruwa, a Goronyo nake zaune, can gefen madatsar ruwa, kuma duk wanda ya san aikin nan ya san da an ɗauke ruwan sama babu sauran hutu. Kowa ya dasa albasa, kowa injinsa ya yi damina a ɗaki da tsohon mai a ciki, kowa kuma so yake a duba nasa kafin na maƙwabcinsa. Hannuna ba ya rabuwa da warin fetur, har tuwo da shi nake ci. Ina cikin wannan hali maganar babur ta taso daga gida.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Lahodu, a ƙasar Wurno. Tudu ne, gero da dawa da wake, in damina ta wuce sai zaman jiran wata. Amma Baba yana da 'yar garka da ya gada a fadama wajen Wurno, yana zuba albasa da tafarnuwa, kuma tafiyar ta fi ƙarfin ƙafar tsoho. Babur ɗin ne ƙafarsa. Tsohon babur ne mai kafireta, irin wanda 'yan kabu-kabu suka daina hawa tuntuni. Ja ne a da, yanzu kuwa ya koma wata kala da ba ta da suna. A kansa aka kai ni makaranta, a kansa aka kai innarmu asibiti zuwanta na ƙarshe. Tun rasuwarta Baba ba shi da abokin hira da ya wuce babur ɗin nan da garkar nan.

Ciwon babur ɗin shi ne, yana cikin silo, wato 'yar ƙarar nan da inji ke yi in an saki totur ba a murɗa ba, sai haka kawai ya ɗauki ruri kamar an zuga shi. Ya yi ta yi, can kuma ya sauko don kansa. Wata rana ya wuni lafiya, wata rana ya yi ta tun daga ƙofar gida har garka. Ya fi yi in za a sha kwana. Baba ya danne maganar bai gaya wa kowa ba, har ranar kasuwar Wurno da ya zo zai juya cikin lungun masu buhu, babur ya yi ruri ya ƙwace, ya shige da shi cikin tulin kabewar wani bawan Allah. Bai ji ciwo ba sai ɗan kurjewa a gwiwa. Amma an yi dariya, kuma a kasuwa aka yi ta, gaban mutanen da suka san shi tun yana saurayi.

Kafin Baba ya isa gida labari ya isa Rabah, wurin babban wanmu. Yaya ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye da sayarwa, mutum ne mai yanke magana tun kafin ka gama faɗinta. Shi ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "na Rabah". Ba sa kallon juna ido da ido, ba sa doguwar magana. Duk abin da ɗaya ke son gaya wa ɗaya, ta kaina yake bi, tun ina yaro har na yi furfurar farko. Ban taɓa neman wannan aiki ba, kuma ba a taɓa tambayata ko ina so ba.

Yaya ya kira ni a waya ina tsugune kan injin wani a bakin ruwa.

"Ka jiya abin da yaf faru kasuwa?"

Na ce na ji.

"Babur ga lahiyatai lau. Hannun Baba ka rawa. Na ga yadda shika riƙon kofin shayi. Shina murɗa totur bai sani ba. A karɓe makulli tun bai kashe kainai ba, ko shi kashe ɗan wani."

Na ce a bari in duba babur ɗin tukuna. Ya ce in duba, amma kar in daɗe ina dubawa.

Da na kai wa Baba maganar, na sassauta ta iyakar iyawata, amma ya gane inda ta dosa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ni da nih hau babur ga tun kana yawo ba wando, ni za a koya ma riƙon totur? Hwaɗa ma na Rabah, babur ka yi, ba ni ba." Raba shi da makullin nan raba shi ne da garka, kuma mun san abin da zaman zaure ke yi wa tsohon da ya saba fita. Amma na lura ba wannan ya fi cinsa ba. Abin da ya fi cinsa shi ne ya faɗi magana, 'ya'yansa su ce ba haka ba ne.

Ya kawo mini babur ɗin har Goronyo. Ya iso da hantsi, babur sai sheƙi yake, ko ina a wanke tas, har ƙarƙashin tanki yana ɗigar ruwa. Halin Baba ke nan. Ba ya kai babur ɗinsa gaban mutane da datti, balle gaban mai gyara. In zai kai shi a duba, sai ya tsaya bakin ruwa ya yi masa wankan sabulu, ya kwarara masa bokiti bayan bokiti, kamar yaron da za a kai gidan kakanni. Na tsokane shi na ce ko ɗaurin aure za mu. Bai yi dariya ba.

Na tayar da injin na zauna ina saurare. Silo daidai, ba hawa ba sauka. Na juya kan babur hagu, na juya dama, shiru. Na hau na zaga, na sha kwana iri-iri, har masu kamun kifi suna kallona, babur bai ce komai ba. Duk da haka na kwance kafireta na wanke ta, na hure kowace 'yar kafa, na duba kusar da ake saita silo da ita, na mayar. A injin ban ruwa in murya ta hau ita kaɗai, yawanci iska ce ke satar hanya ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Don haka na ɗiɗɗiga fetur a kan robar da ke haɗa kafireta da inji, in akwai tsaga za ta zuƙe, murya ta canza. Ba ta canza ba. Na ce wa Baba na wanke, a gwada a gani. Ya tafi da farin ciki, ni kuma na koma kan injunan mutane.

Ba a yi nisa ba Baba ya aiko cewa babur ya sake yi, a kwanar shiga gida, har ya kusa ɗaukar katangar zaure.

Daga nan muka shiga zarya. Wani bakanike a Wurno ya ce robar ce, ko da ba a ga tsaga ba, aka sa sabuwa. Babur ya yi shiru kwana ɗaya ya dawo da halinsa. Na je gida na sake buɗe kafireta, na ciro ɗan ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinta, wanda wayar totur ke ja, na goge shi har ya yi santsi, na sa masa sabon sifirin mai ƙarfi don ya riƙa komawa wurinsa. Na ɗiga mai a cikin wayar totur, na murɗa na saki, na murɗa na saki, tana komawa tsaf. Kowane zuwa na tarar da babur a wanke yana jirana, kowane zuwa kuma ya yi mini ladabi, ina juya baya ya yi wa Baba rashin kunya. Hanyar nan tsakanin Goronyo da gida na bi ta har na san kowane rami da sunansa, ga shi ba hanyar da ake son yamma ta yi wa mutum a kanta ba ce a shekarun nan. In na dawo kuma in tarar da masu injuna sun yi layi a ƙofar gidana suna hararata, albasarsu na shan rana.

Gaskiya na fara jin haushin kowa. Ina jin haushin Yaya da ke zaune a rumfarsa yana ba da umarni ta waya, ina jin haushin babur, ina jin haushin Baba da taurin kansa. Kuma zuciyata ta fara karkata wajen maganar Yaya, don mutum in ya gaji amsa mai sauƙi yake so. Abin da ba ya faruwa sai mutum ɗaya na kai, kuma sai a kwana, lokacin da hannu ke juyawa, me ya rage a ce? Na fara satar kallon hannun Baba in yana alwala. Shi kuma ya lura, sai ya riƙa sa hannun cikin aljihun riga in ina wurin.

Yaya ya sake kira. Wannan karon ba shawara ya kira mu yi ba.

"An gyara, an gyara, har yaushe? Juma'a ina zakkuwa Wurno da mota in ɗauke babur ga. Ka hwaɗa mai."

Ban faɗa masa ba. Na rasa bakin da zan faɗa da shi.

Ana cikin haka aka kira ni gyaran wani inji a fadamar Wurno, ba nisa da garkar Baba. Na gama bayan azahar, rana ta buɗe sosai, kaina na sara. Har na kama hanyar Goronyo sai na ce bari in leƙa tsohon nan, in ya so in sauke masa saƙon Yaya in huta. Ban aika cewa ina zuwa ba.

Na same shi cikin fangalin albasa yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Babur yana jingine ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, busasshen taɓo har wuya. Rabon da in ga babur ɗin nan da datti har na manta. Baba ya ɗago ya gan ni, ya dubi babur, fuskarsa ta ɓaci.

"Mi yas sa ba ka aiko ba? Ka ishe shi kamar na marar gata. Da na wanke shi."

Na ce ba gyara na zo ba, gaisuwa na zo. Muka gaisa. Na sha ruwa a butarsa. Inuwar ta matsa, rana ta fara dukan tankin, sai na tashi in gyara masa tsayuwa. Hannun mai gyara ba ya zama lafiya, na buga kik na tayar da shi. Silo daidai. Na kama kan babur da hannun hagu kaɗai, na karya shi hagu har ƙarshe don in juyo da shi cikin inuwa.

Ya yi ruri har tsuntsayen mangwaron suka watse.

Hannuna na dama yana kan sirdi, ko kusa da totur bai je ba. Na daidaita kan babur, rurin bai sauka ba. Na jijjiga shi, na buga tayar gaba a ƙasa, sai ya sauko a hankali ya koma silo. Na sake karya shi hagu, ya sake yi. Na juyo, na ga Baba tsaye a bayana da fartanya a hannu, ƙafafunsa duk laka.

"Ka jiya?" ya ce. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka jiya da kunnenka?"

Na ce na ji, Baba. Kunya ta rufe ni, tare da wani sanyi a zuciya da na daɗe ban ji ba.

Tunda juya kai ke jawo abin, to wani abu ne ke riƙe wayar totur a hanyarta. Na bi ta da yatsa daga hannu, ta gangara ta bayan fitila, ta shige ƙarƙashin tanki. Na ja ta, ta ƙi motsi, alhali duk zuwan da na yi a baya tana zamewa salin-alin. Na ɗauko sifana a jakata na ce zan sauke tanki.

"Tankin mi?" in ji Baba. "Ba a taɓa buɗe nan ba. Ciwo ba nan shike ba."

Na ce a nan yake. Ya koma gefe ya tsuguna. Na cire sirdi, na kwance kusoshin, na miƙa masa ya riƙe mini kar su ɓace cikin ciyawa, na zare tiyon mai na ɗaga tankin.

A wuyan ƙarfen babur, can ciki inda ido ba ya kaiwa sai an sa hannu, akwai laya. 'Yar ƙarama ce, an ɗinke ta da jar fata, ta yi baƙi don tsufa da mai. Igiyarta ta asali siririya ce, ta cinye saura ƙiris ta tsinke. A kanta kuma an naɗa wata sabuwa, ɗanyar fata mai kauri wadda ba a jeme ba, har da sauran farin gashi a jikinta. An naɗa ta an ƙulle da lalube, kuma naɗin ya haɗa da wayar totur. Fatar ta bushe ta ƙanƙance, ta yi tauri kamar ƙashi, ta shaƙe wayar a jikin ƙarfe. In an karya kai hagu, waya ba ta da sararin bi, sai ta ja kanta daga mazauninta, totur ya buɗe. Ba ta komawa sai an faɗa rami ko an jijjiga.

Na zauna a ƙasa ina kallonta, komai ya warware mini. Ɗanyar fata in ta sha ruwa saki take yi, ga sabulu ya ƙara mata santsi. Duk ranar da za a duba babur, Baba da hannunsa yake jiƙa ta, ya kawo mana shi lafiya lau, ta kwana ta bushe ta sake kamawa. Duk zaryar nan da na sha, duk robar da aka canza, duk rigimar da ta shiga tsakaninmu, tsaftar Baba ce ke ɓoye ciwon. Na so in yi dariya, na so in yi faɗa, ƙarfin ko ɗaya ban samu ba.

Na ce, "Baba, wag ɗaura wagga?"

Yana kallon albasarsa ya ce, "Innarku ta. Randa anka kawo babur ga gida."

Ban taɓa sani ba. Duk shekarun nan muna hawa muna sauka a kan abin da ta ɗaura, ba wanda ya sani sai su biyu. Na tambaye shi sabuwar igiyar fa.

"Na lalaba nij ji tata za ta tsinke. Sallar layya nid ɗebi kaɗan ga fatar rago niƙ ƙara mata." Ya share fuska da hannun riga kamar gumi ne ya dame shi. "Kar ta hwaɗi bisa hanya ban sani ba."

Sallar ta faɗo cikin damina a shekarar, shi ya sa fatar ba ta gama bushewa ba sai da aka ɗauke ruwa, daidai lokacin da rurin ya fara. Tun rasuwar innarmu ban taɓa jin Baba ya ambace ta ba sai a addu'a. Mutanen zamaninsu ba sa cewa sun yi kewar mace. Ashe yana sa hannu ƙarƙashin tanki yana taɓa igiyarta, ya ji ko tana nan. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Na zaro wuƙa a jaka. Ya ce, "A'a." Bai ɗaga murya ba, amma na mayar da wuƙar. Na ɗebo ruwa a butarsa na riƙa zuba wa fatar kaɗan-kaɗan, muka zauna jiran ta saki. Da ta yi laushi na kwance wayar daga kan kafireta, na zare ta daga cikin naɗin a hankali, na bi da ita ta gefe inda ba abin da zai taɓa ta, na mayar. Laya tana wurinta, igiya biyu suna wurinsu.

Na miƙa hannu ya ba ni kusoshin tanki. A nan ne na ji su. Suna cikin tafin hannunsa na dama, suna bugun juna, ƙas-ƙas-ƙas, ƙara 'yar ƙarama wadda ba don fadamar ta yi tsit ba da ban ji ba. Na dubi hannun. Rawa yake yi, ba kaɗan ba. Baba ya ga na gani. Ya dunƙule hannun, ƙarar ba ta tsaya ba. Ya ɗora na hagu a kai. Daga baya ya tuɓe hularsa ya zuba kusoshin a ciki, ya ajiye a ƙasa tsakaninmu. Na ɗauka ɗaya bayan ɗaya na ɗaure tankin.

Na tayar da babur, na karya kai hagu, na karya dama, silo bai motsa ba. Sannan na gaya masa Yaya zai zo Juma'a da mota. Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani.

"Shi zaka," ya ce. "Amma maganar abin ga ta tsaya nan. Ka san halin na Rabah, yanke ta za shi yi, shi yi min wa'azi ta bakinka."

Haka ne kuwa. Yaya ba ya shiri da laya ko kaɗan, da ya gani sai ta bar jikin babur ɗin a ranar.

Ranar Juma'a na bar injunan mutane na tafi Wurno. Yaya ya zo da a-kori-kura, an ajiye ta nesa kaɗan da masallaci. Baba ya iso kan babur ɗinsa, a wanke tas, da farar riga. Bayan an sallame, mutane suna fitowa suna neman takalma, ya tsaya wurin babur har sai da tsofaffin kasuwa suka taru ana gaisawa, har da mai kabewar nan. Yaya yana tsaye a gefe, kansa a sunkuye kamar yadda ya saba in Baba na wuri.

Baba ya kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya buga kik, ya ja da baya ya harɗe hannuwa a bayansa. Ya ce in juya kan. Na karya hagu har ƙarshe, na karya dama, na sake, na sake. Injin yana ta 'yar muryarsa daidai, ba hawa ba sauka. Na yi wa mutane bayani cewa wayar totur ce ta maƙale a ƙarƙashin tanki, na kuma ji rurin da kunnena ba hannun kowa a kai. Ban ƙara ko kalma a kan haka ba. Tsofaffi suka yi ta gyaɗa kai, mai kabewa ya ce dama shi ya san ba banza ba.

Baba ya dube ni, Yaya na tsaye taku kaɗan daga gare shi, ya ce, "Hwaɗa ma na Rabah, ba ƙarya nika yi ba."

Yaya bai ɗago ba. Ya ce da ni, "Ce mai na jiya. Allah shi huci zuciyatai." Ya je ya sallami mai mota, ya yi mana sallama ya kama hanyar Rabah. Na san Yaya, bai ji daɗin shan kaye ba, amma na ga sauƙi a fuskarsa. Shi ma ba son ɗaukar babur ɗin yake ba, tsoro ne ya yi masa yawa.

Mutane suka watse, ya rage daga ni sai Baba da masu naɗe tabarmi. Na ce to Alhamdu lillahi, magana ta ƙare, bari in kama hanya tun da sauran rana. Raina ya riga ya tafi Goronyo, ina lissafin injin da zan fara da shi. Baba ya kashe babur ya zare makulli. Ya tsaya yana juya shi, 'yar igiyar da ke jikinsa tana kaɗawa. Sai ya miƙo mini.

"Ungo."

Na ce, "Baba, ai an gyara."

"An gyara babur," ya ce.

Ban karɓa ba, shi kuma bai janye hannun ba, yana nan a miƙe tsakaninmu yana rawa a fili, bai ɓoye shi cikin aljihu ba. Na karɓa don in raba shi da tsayuwar.

"Wurinka za shi zauna, ba Rabah ba. Ka san dalili, abin ga na ƙarƙashin tanki. Randa kas samu sarari ka zaka ka kai ni garka."

Na ce to. Ni da shi duk mun san yadda sararina yake a rani, mun san albasa ba ta jiran mai gyaran inji ya samu sarari. Na ji nauyin abin ya sauko mini a kafaɗa tun ban hau ba. Na bar nawa babur wurin wani mai shago, na tayar da na Baba. Ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya zauna a baya, wurin da innarmu ke zama, wurin da muka zauna dukanmu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganinsa a bayan kowa ba.

Muka fita daga gari muka gangara fadama. A kwanar farko na karya hagu, injin bai ce komai ba. Baba ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗata don ya riƙe, kuma tun daga nan har garka ina jin rawarsa ta cikin rigata.